Alhamis, ranar kasuwa

Zinder, bayan isha'i.

Duk ranar Alhamis haka ɗakin awo yake cika. Mutumin ƙauye in ya kawo akuya Kasuwar Dole, sai ya haɗa da matarsa, ya sauke ta wurinmu ya wuce. Har azahar ban samu na zauna ba, ga ƙurar hunturu ta rufe rajista, sai na hure kafin in rubuta suna.

Da mutane suka watse, wata da ta yini a ƙarshen benci goye da yaro ta shigo ta ja ƙofa. Yarinya ce ƙarama. Ba zan faɗi unguwarsu ba. Maigidanta ya daɗe wajen haƙar zinariya can arewacin Agadas, ya dawo da tari da rama, aka auna jininsa aka samu sida. An ɗora shi kan magani kwanan nan. Ita an auna ta, ba ta da shi. Da bakinsa ya gaya mata, kuma na jinjina masa, don maza da yawa gara su mutu da maganar a ciki.

Ta ce, "Madam, ni ba fita zan yi ba, uban ɗiyana ne. Amma wallahi ba na barci."

Na ce, "Zauna, ƙanwata, akwai abin yi."

Na yi mata bayani sannu a hankali. In maigidan ya riƙe maganinsa kullum, galibi cikin wata shida ƙwayar cutar takan kwanta har awo ya kasa ganinta a jini, kuma wanda ya kai wannan matsayi ba ya sa wa matarsa. Tsakanin yau da wannan lokacin ne hatsarin yake. Shi ya sa ake ba mai lafiya ƙwayar rigakafi, PrEP, wadda ke ɗauke da tenofovir da wani magani na biyu, guda ɗaya kowace rana. Sai ta yi kwana 7 tana sha kafin ta dogara da ita. In ana sha yadda ya kamata, tana rage hatsarin kamuwa ta hanyar saduwa da kusan kashi 99 cikin 100. Mai shayarwa ma tana iya sha. Ba ta hana ciki, ba ta hana ciwon sanyi. Kuma duk wata 3 sai an sake awon jini, saboda in mutum ya kamu bai sani ba ya ci gaba da shan magani biyu kaɗai, cutar takan saba da su ta daina jin magani. Na gaya mata makon farko za ta iya jin tashin zuciya ko ciwon kai, kada ta bari don wannan.

Duk ta gane, har ta maimaita mini. Likita ya duba ta ya rubuta takarda. Da ta dawo da kwalbar, sai ta tsaya tana juya ta a hannu, ƙwayoyin suna kaɗawa ciki.

"Madam, wannan ai irin tasa ce. In uwar miji ta gani fa?"

Nan na yi shiru. Tun 2012 aka amince da wannan magani a Amurka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2015, kuma aikinsa ba shi da shakka. Amma kwalba mai ƙara a gidan da ake shiga ɗakin juna ba sallama, wannan wata jarrabawa ce ta daban. Duk wanda ya gani, cewa zai yi mai sida ce, kafin magariba zance ya kai bakin rijiya. Muka yi ta shawara. A ƙarshe ta ce za ta cusa auduga a bakin kwalbar, ta sa ta ƙasan kwallar da take ajiye zannuwan aurenta, ta riƙa sha bayan sallar isha'i in yara sun kwanta.

Shi ya sa labarin allurar rigakafin sida, lenacapavir, yake raina. Sau biyu kawai ake yin ta a shekara. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda aka bayyana a 2024, mata sama da 2,000 aka yi wa, ko ɗaya ba ta kamu ba, kuma a Yulin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Ga macen Damagaram, babbar fa'idarta ita ce ta zo rigakafin yaro, a yi mata tata, ta koma gida hannu biyu.

Tana gyara goyo za ta fita na tambaye ta ko ita kaɗai ce a gidan. Ta sunkuyar da kai. Su biyu ne. Amaryar ba ta san komai ba, kuma cikinta ya tsufa, ba ta taɓa zuwa awo ba. Ba hurumina ba ne in aika mata, ba kuma nauyin wannan yarinya ba ne ta faɗa. Na ce ta gaya wa maigidan ina son ganinsa ranar Litinin, shi kaɗai, da la'asar in ɗaki ya yi sarari.