Rubutun da ke gindin ƙwanson igwa

Tun ina yaro nake ganin wani dogon ƙwanso na tagulla a ɗakin kakarmu a nan Maraɗi, tana cusa maburgi da ludayi a cikinsa, kuma abin da kowa ya sani a gidan shi ne mijinta ya zo da shi daga yaƙin duniya na biyu, inda ya yi wa Faransa soja. Bayan rasuwarta ne na kifa shi, na ga alamar rubutu a gindi ƙarƙashin tsatsa mai kore-kore.

Kuskuren farko nawa ne, domin na kama gurzarsa da yashi da soso, har sai da wani tsohon maƙeri maƙwabcinmu ya ce mini, "Ɗana, rubutun kake nema ko goge shi kake yi?" Kafin nan na riga na cinye rabin wata lamba. Maƙerin ne ya sa na jiƙa gindin da ruwan tsamiya, na share da tsumma, na goga alli ya shiga ramukan haruffan, sannan na haska tocila daga gefe maimakon daga sama. Ya kuma duba tsakiyar gindin ya nuna mini lotsawar da ke tabbatar da cewa an riga an harba shi. Wanda bai lotsa ba, ko wanda kan harsashinsa ke nan, ba a taɓa shi, jandarmomi ake kira.

Abin da ya fara fitowa shi ne 75 DE C, wato igwar fagen daga ta Faransa mai faɗin baki milimita 75, samfurin 1897. Na auna tsawon ƙwanson na sami santimita 35, daidai da na wannan igwa, kuma ina ganin awo ya fi rubutu rashin ruɗi idan haruffa sun dushe. Sai haruffan ARS, alamar masana'antar soja ta birnin Rennes. Nan ma na kusa tuntuɓe, saboda ATS na nufin ta Tarbes, APX kuma ta Puteaux, harafi ɗaya ke raba ARS da ATS, kuma sai da na ɗora takarda na goga fensir kafin ƙafar R ta bayyana. Bayansu akwai lambar rukunin da aka ƙera, wadda na lalata, da harafin L mai nufin rukuni, da 17.

Wannan 17 ita ta hana ni barci, domin shekarar 1917 take nufi, lokacin da kakanmu bai isa ɗaukar bindiga ba. Har na fara cewa a raina labarin gidanmu ƙari ne, sai daga baya na gane cewa Faransa ta ci gaba da aiki da wannan igwa har cikin yaƙin duniya na biyu, kuma ana tattara ƙwansunan da aka harba a gyara su a sake cika su. Hatimin ya faɗi inda aka ƙera da shekarar ƙira, bai faɗi ranar harbi ko hannun da ya ɗauko ba.

Da yake Katsina na kusa, wani aboki daga can ya kawo mini nasa ƙwanson, yana rantsuwa na Faransa ne. Ina kifawa na ga ƴar kibiyar nan mai ƙafa uku ta kayan gwamnatin Ingila, ga 25 PR a gefenta, wato alamar wata igwar Ingila. Namu kuwa ƙanwata ta karɓe shi, ta mayar da maburgin ciki.