Aikin damina, cinikin hunturu

Wanda ya leƙo shagona a watan Agusta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, zai tarar da mu a duƙe kan rigunan sanyi. Wasu har tambaya suke yi: "Hajiya, wa zai sa suwaita yanzu?" Sai in ce musu ai ba a fafe gora ranar tafiya. Sanyin Kano gajere ne. Iskar hunturu takan fara kaɗawa wajen ƙarshen Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, kafin Fabrairu ya ƙare zafi ya fara leƙowa. Duk abin da mai saƙa ba ta gama ta ajiye kafin nan ba, sai dai ta jira wata shekarar.

Ban fara saƙa don kuɗi ba. A wajen goggona na gani ina yarinya, tana zaune a tabarma bayan la'asar da kwarashi a hannu, tana hira ba ta ko kallon yatsunta. Mu yara da tsinken tsintsiya muke kwaikwayonta, zaren kuwa na tsohuwar suwaitar gwanjo ne da muka warware. Ranar da ta ga na dage sai ta ba ni kwarashinta ɗaya, ta ce, "Riƙe, amma kada ki matse zaren, bar shi ya sha iska." Har yau wannan maganar nake maimaita wa yaran da ke koyo a wajena.

Da yayata ta haihu na saƙa wa jaririn hula da safa da 'yar riga ruwan madara. Ranar suna mata suka yi ta juya kayan a hannu suna tambayar inda aka saya. A ranar mutum 3 suka ce in yi musu. Daga nan abin ya soma. Na shekara biyu ina saƙar hannu kawai, sannan na shiga adashe, da na kwasa na sayi injin saƙa ɗan kwatano.

Injin nan allurai 200 ne a jere a jikinsa, kuma babu ruwansa da wuta. Da hannu ake tura kan injin hagu da dama, kowace turawa layi guda. A garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Yana da wani kati mai huji-huji da ake zura masa, shi ke zaɓar alluran da za su ɗauki wace kala, adon yana maimaita kansa bayan kowane ido 24 (ido shi ne madaukin zare ɗaya a jikin saƙa). Gaban rigar yaro da kan ci mini kwana uku da hannu, yanzu kafin shayin safe ya huce na sauke shi. Sai dai injin yana da nasa hali. Akwai wani dogon ƙarfe mai soso da ke danne alluran daga ciki. Idan soson ya mutu allurai sai su riƙa ɗagowa, kan injin ya cije, saƙa ta riƙa zubewa. Na yi mako guda ina zargin zare, ina zargin hannuna, kafin wani dattijo mai gyaran keken ɗinki ya zaro ƙarfen ya nuna mini soson ya lafe kamar takarda. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da gashin zare ta toshe ramukan allurai. Shi ya sa kowace yamma sai mun goge da buroshi, mu ɗiga man keke kaɗan, mu rufe da zane.

Yanzu injuna 3 gare mu, da 'yan mata 4 da ke aiki tare da ni. Biyu na kan inji, biyu na haɗa gaba da baya da hannaye, su sa maɓalli, su ɓoye bakin zare. Mutane sun ɗauka injin ke yin riga. Injin ƙyallaye kawai yake fitarwa, riga a hannu take zama riga, kuma a wajen haɗin ake gane aikin da aka yi da natsuwa.

Abin da ya fi wahalar koyarwa shi ne awo. Kafin a taɓa kowane aiki sai an saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, a wanke shi, a bar shi ya kwana, da safe a ɗora tef a ƙirga ido nawa da layi nawa ke cikin santimita 10. A siririn zaren da muka fi amfani da shi yakan kama ido 28 da layi 40. Yara kan ga kamar ɓata lokaci ne. Sai in zaunar da su mu yi lissafi tare. Rigar da faɗin ƙirjinta zagaye santimita 80 ne tana son ido 224. Idan zaren ya sauya, ya zama ido 30 ne ke cika santimita 10 ba 28 ba, rigar za ta fito da ƙarancin santimita 5. Ido biyu kacal, amma yaro ba zai iya numfashi a cikinta ba, uwarsa kuma ba za ta sake dawowa ba.

Babbar asarar da na taɓa yi ba ta awo ba ce, ta kala ce. Wata makaranta ta ba ni aikin suwaita 60, shuɗi mai duhu, aka ba ni rabin kuɗi. Kuɗin bai kai in sayi zaren duka a lokaci ɗaya ba, sai na sayi na jiki, bayan mako biyu na koma na sayo na hannaye. Suna ɗaya, lambar kala ɗaya. A cikin shago babu wanda ya ga bambanci. Sai da muka haɗa guda 22 muka shanya a tsakar gida, rana ta haska, na ga hannayen sun fi jikin haske, kamar an ɗauko su daga wata rigar. Ashe a takardar da ke naɗe da zaren akwai lamba ta biyu, ta tukunyar rinin da aka tsoma shi, kuma tukunya biyu ba sa taɓa fitowa daidai. Na zauna a bakin ƙofa na rasa abin cewa. Ɗaya daga cikin yaran ta ce, "Anti, ai ba kowa zai lura ba." Na ce mata ni na lura, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kwana huɗu muka yi muna farke hannaye 44. Zaren da aka warware yakan fito a murɗe, ba ya saƙuwa da kyau, sai an naɗe shi a bayan kujera, a jiƙa, a rataye da ɗan nauyi a ƙasa har ya miƙe. Da shi muka yi huluna da safa daga baya, bai tafi a banza ba. Ribar aikin dai ta tafi, amma makarantar har yanzu ni ke yi mata suwaita. Tun daga ranar ba na karɓar babban aiki sai kuɗin da aka bayar ya isa sayen zaren gaba ɗaya, kuma da kaina nake duba lambar nan dunƙule bayan dunƙule.

Kayan jarirai su ne ƙashin bayan shagon, don haihuwa ba ta jiran hunturu. A nan ne na fi tsanantawa. Kan jariri sabuwar haihuwa zagayensa wajen santimita 35 ne, kuma ya fi wuyansa girma nesa ba kusa ba, don haka rigarsa dole a buɗe ta a kafaɗa ko a gaba. Ba na yarda a bar dogon zare yana reto a cikin safa, domin yana iya naɗe ɗan yatsa uwa ba ta sani ba. Maɓalli kuwa sai na ja shi da ƙarfi kafin kaya su fita.

Akwai maganar da nake yi wa kowace uwa, ko ta gaji da ji. Abin da muke kira ulu a kasuwa, yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Yana da sauƙin kuɗi, yana wankuwa, amma ba ya shiri da zafi. Dutsen guga ya hau shi sai ya saki, ya yi ƙyalli, ba ya komawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi, don wannan zaren narkewa yake yi ya manne a fata. "Maman jariri, don Allah a nesanta shi da wuta," haka nake sallamar kowacce.

Shekarar 2023 ta gwada mu. A farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi daidai lokacin da ya kamata mu yi ciniki, kaya suka kwana a kanta. Tsakiyarta aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, zare ya yi tashin gwauron zabi. Wasu suka ce in rage ido, in sassauta saƙa don zare ya yi auki. Na gwammace in ƙara kuɗi in faɗa wa mai saye dalili, wanda ya iya ya saya, wanda bai iya ba mu yi masa ƙaramin saiti.

Duk da haka akwai saƙar da ba ta shiga littafin ciniki. A cikin wata jaka a gefen gadona akwai shawul fari da nake yi da kwarashin da goggo ta ba ni, na jikar da muke jira. Bayan isha'i, gida ya yi shiru, nakan yi layi biyu ko uku. Makon jiya na hango kuskure layi 9 a ƙasa, inda na tsallake ido ɗaya adon ganye ya karkace. Na kwana biyu ina kallonsa, a na uku na zare kwarashin na ja zaren, ina naɗewa a yatsa har na iso wurin. Daren jiya na mayar da layi 4, saura 5, sannan in fara bakin.