Kashi 3 cikin 100 ɗin da ya ci mini shekara

Har yau in wani ya ce mini "wannan kaɗan ne, bar shi", sai in ji raina ya ɓaci. Da wannan maganar aka jinkirta mini memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, ina zaune a Damagaram da kwamfuta ɗaya da batir mai tsufa, ina ƙoƙarin fitar da sifin ɗin nutiron (nutiron da furoton su ne ke cikin ƙwayar atam, sifin kuma wani irin juyi ne da suke da shi mai fuskantar wani gefe) daga alƙaluman da aka buga a 2004, na gwajin E99-117 da aka yi a ɗakin binciken Jefferson a Birjiniya, Amurka.

Wanda ya san fannin ya san matsalar. Nutiron ba ya zama shi kaɗai. In ka ware shi, cikin minti 15 ko kusa ya ruɓe. Don haka ba a iya cika kwalba da shi a harba masa ilektiron. Sai a koma ga iskar hiliyam-3, wadda ƙwayarta ke da furoton biyu da nutiron ɗaya. Furoton biyun galibi suna fuskantar juna ne, sifin ɗin ɗaya ya soke na ɗaya, nutiron ya ɗauki ragowar. Ana zuba iskar a kwalbar gilashi da matsi kamar ninki 10 na iskar waje, a jera sifin ɗinta da leza ta hanyar tururin rubidiyam, sannan a riƙa juya sifin ɗin ilektiron sau 30 a daƙiƙa ana ƙirga waɗanda suka warwatsu. Bambancin ƙidayar biyu shi ne abin da ake nema. SLAC, wani ɗakin bincike a Amurka, ta yi amfani da irin wannan dabara a gwajin E142 a farkon shekarun 1990, bayan CERN, cibiyar binciken Turai, ta girgiza kowa a 1988 da labarin cewa kwak, ƙananan ɓangarorin da ke cikin furoton da nutiron, ba su ɗauke da mafi yawan sifin ɗin furoton.

Duk wannan na iya shi, bai ba ni wuya ba. Inda aka samu matsala shi ne kalmar "galibi".

Lissafin tsarin ƙwayar hiliyam-3 ya nuna nutiron yana jere kusan kashi 86 cikin 100, kowane furoton kuma kusan kashi 3, amma a kishiyar hanya. Wanda ke duba mini aikin daga nesa, babban malami ne, ba zan faɗi inda yake ba, na tambaye shi a waya: "Malam, gyaran furoton ɗin nan fa, in sa shi yanzu?" Ya ce: "Kashi 3 ne, ɗana. Raba da 0.86 ka wuce, a ƙarshe ma waiwaye shi." Na ce to. Wa zai yi gardama da wanda ya fara aikin nan tun kafin in shiga lakwal?

Na wuce. A x na 0.60, wato inda kwak ɗin da ilektiron ya buga ke ɗauke da kashi 60 na gudun nutiron, bambancin da aka auna a hiliyam bai kai 0.01 sosai ba. Da na bi hanyar Malam sai na samu kusan 0.06 wa nutiron, da kuskuren awo da ya kusa haɗiye shi. Masu gwajin kuwa sun buga kusan 0.17. Na shafe lokacin zafi gaba ɗaya ina neman inda na ɓata. Na zargi iskar nitirojin ɗin da ake ɗan sa wa a kwalbar. Na zargi gyaran hasken da ilektiron ke zubarwa kafin ya yi karo. Na sake rubuta lissafin daga tushe, da dare, a bakin ƙofar gidanmu a Birni, don ɗaki ba ya zaunuwa in wuta ta ɗauke. Ƴan fadarmu har sun daina tambayata yaushe ne sutenans, wato ranar kare memwar.

Kuma 0.06 ɗin nan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin yana da ma'anar da za ta ruɗe ka. Tsohon tsarin kwak mai sauƙi yana cewa bambancin nutiron sifili ne. Wasu hasashe suna cewa zai hau zuwa 1 in x ya kusanci 1. Da wannan lamba tawa, sai in rubuta cewa tsohon tsarin bai faɗi ba, alhali babban abin da gwajin ya nuna shi ne lambar ta tsallake sifili a wajen x na 0.47 ta koma sama. Har na fara rubuta wannan babin.

Ranar da na zauna na sa gyaran furoton, don kawai in cire shi daga jerin waɗanda nake zargi, lambar ta tashi zuwa kusan 0.16. Ban yi murna ba, haushi na ji.

Dalilin a fili yake in ka tsaya ka ninka. Furoton biyu ne, ba ɗaya ba. A wannan x ɗin, kowane furoton yana warwatsa ilektiron fiye da ninki biyu na yadda nutiron ke yi, saboda kwak na sama, mai caji mafi girma, shi ya fi yawa a cikinsa. Sannan bambancin furoton kansa babba ne, wajen 0.7, na nutiron kuwa ɗan mitsitsi. Kashi 3 na buhu ba ƙaramin abu ba ne a gaban kashi 86 na tiya. Furoton ɗin suna ja baya, nutiron yana ja gaba, shi ya sa hiliyam ya fito kamar babu komai a ciki. Fiye da rabin amsar nutiron a wannan wuri daga gyaran nan take fitowa.

Da na aika wa Malam, amsarsa layi ɗaya ce: "Madalla, haka ya kamata." Ko afuwa babu.

Yanzu duk ɗalibin da ya zo mini da irin wannan aiki, kafin ya taɓa kwamfuta sai ya ɗauki biro ya ƙiyasta girman kowane gyara, ya gwada shi da girman abin da yake nema, ba da 100 ba. Ina kuma sa shi ya rubuta daga ina kowace lamba ta fito. Wannan kashi 3 ɗin ba aunawa aka yi kai tsaye ba, daga lissafin ƙwayar yake, kuma in ya motsa kaɗan amsar nutiron ma sai ta motsa. An sake gwajin a 2020 a zauren C na Jefferson ɗin, bayan an ɗaga ƙarfin na'urar harba ilektiron zuwa GeV 12 (GeV ma'aunin ƙarfin ne), don a kai ga x mafi girma. A can nutiron yana ƙara raguwa gaban furoton, gyaran kuma yana ƙara nauyi.