Lambar da ke kan kwali ba ita ke buga gem ba

A shekarar 2017 na sayi katin girafik na farko, wato katin da ke zana hoto a sikirin kwamfuta, bayan wata bakwai ina tara abin da nake samu a shagon buga takardu na yayana. Ranar da na je saye, mai shagon ya ajiye mini kwalaye biyu a kan kanta. Ɗaya GeForce GT 730 ne, sabo dal a leda, an rubuta 4GB da manyan baƙaƙe a gefensa. Ɗayan GTX 750 Ti ne na hannu, 2GB, kwalin ya sha jiki, kuma ya ɗan fi tsada. Ban tsaya dogon tunani ba. Huɗu ta fi biyu, sabo ya fi tsoho, ga sauƙin kuɗi. Mutumin ya ce mini, "Malam, in dai gem za ka yi, ɗauki wannan na hannun." Na zaci so yake ya rabu da kwantai, na ƙi jin maganarsa.

Da daddare na kunna GTA V. Mota tana tafiya tana cijewa, in na juya kan titi sai hoton ya tsaya sannan ya zabura. Na rage komai zuwa ƙasa, na mayar da sikirin 1280 da 720, duk da haka hotunan da katin ke fitarwa a daƙiƙa, abin da ake kira fps, ba su wuce ashirin da ɗoriya ba. Bayan mako guda na je ɗakin wani abokina mai irin 750 Ti ɗin da na raina. Gem ɗaya, shi a kan 1920 da 1080, yana tafiya sumul. Na koma gida zuciyata a dagule.

Ƙannena, ga abin da ban sani ba a ranar. Giga ɗin da ake rubutawa a kwali girman sito ne kawai, inda kati ke ajiye kayan hoto kafin ya yi aiki da su. Girman sito ba ya faɗa maka yawan leburorin da ke aiki, ba ya faɗa maka faɗin ƙofar da kaya ke fita. GT 730 ɗin da na saya yana da ƙananan injinan lissafi 96 ne a cikin cif ɗinsa, 750 Ti kuwa 640 gare shi, kuma na sabon zubi. Ma'ajiyar nawa DDR3 ce, mai wuce da bayanai wajen giga 29 a daƙiƙa, ta wancan GDDR5 ce, mai wuce da kusan giga 86. Wato na sayi makeken sito mai ƙaramar ƙofa da leburori kaɗan. Katin ba zai taɓa cika giga huɗun nan a gem ba, domin tun kafin ya kai rabi ƙarfinsa ya ƙare.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Yawan giga yana da amfani. Sababbin gem na yanzu in suka nemi wuri suka rasa, sai ka ga bango ya koma kamar an shafe shi da laka, tafiya tana tsinkewa. Amma giga abu ne da ake dubawa bayan an tabbatar da ƙarfin cif, a tsakanin katunan da suke aji ɗaya.

Suna ma ba abin dogaro ba ne, kama da wane ba ta wane. GT 730 kansa iri uku ne a ƙarƙashin suna ɗaya, ni kuma na faɗa kan mai injina 96, alhali sauran biyun 384 gare su. GT 1030 ya fito a 2017 da GDDR5, a 2018 aka fitar da mai DDR4, suna bai canza ba amma a gem da yawa aikinsa bai fi rabin na farkon da komai ba. GTX 1060 mai 3GB injinansa 1152, mai 6GB kuma 1280, ba a giga kaɗai suka bambanta ba. RTX 3060 mai 12GB faɗin ƙofarsa bit 192 ne, mai 8GB da ya biyo baya bit 128. Haka kuma katin da ke cikin laftof ba ɗaya yake da na tebur ba ko da sunansu ɗaya, domin wutar da aka ware masa ba ta kai ba. A jerin Nvidia, kamfanin da ke yin katunan GT da GTX da RTX, lambobin farko zamanin kati suke nunawa, biyun ƙarshe kuma ajinsa. Shi ya sa GTX 1080 ta 2016 ta fi GTX 1650 ta 2019 nesa ba kusa ba, duk da cewa 1650 ta fi yawa a ƙirga.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, domin a lokacin ina ganin na san kan abin. A watan Satumba na 2022 Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen intanet da ake kira kirifto, ta daina amfani da haƙa da katin girafik, sai masu haƙar kirifto a duniya suka yi ta zubar da katunansu, farashin na hannu ya faɗi. Na ga RX 580 mai 8GB a wajen wani mai talla a intanet, na tura kuɗi ba tare da na gan shi yana aiki ba. Cinikin biri a sama ke nan. Da ya iso na buɗe kwamfutata, wadda asalinta ta ofis ce ta hannu, sai na tarar akwatin wutarta, wanda masu gyara ke ce wa fawa fak, wat 240 ne duka-duka, kuma babu wayar nan mai baki takwas da katin ke nema.

Abin da ya kamata in lissafa tun farko ba shi da wuya. Ramin da ake soka kati a jikin madabod, babban allon cikin kwamfuta, wat 75 yake bayarwa. Waya mai baki shida tana ƙara 75, mai baki takwas tana ƙara 150. RX 580 shi kaɗai wat 185 yake ci. Maimakon in haƙura, sai na sayo 'yar wayar haɗi mai ɗaukar wuta daga layin SATA, layin da aka yi domin hadis, wato faifan ajiyar kwamfuta, wanda bai kai ya ɗauki wat 60 ba. Kwana biyu ina kallon bidiyo lafiya lau. Ran na uku na shiga gem, ko minti goma ban yi ba sikirin ya yi baƙi, ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar roba. Na zare soket hannuna na rawa. Bakin wayar ya narke ya yi baƙi ƙirin, ya manne da ɗan'uwansa. Allah ya tsare gobara ba ta tashi ba, kuma ƙanena ƙarami yana barci a kan katifa a gefen teburin. Ina roƙon ku, kada ku yi wasa da wannan wayar.

Sai da na sayi sabon fawa fak da sabon gidan kwamfuta, domin na ofis ɗin ba ya karɓar irin na kasuwa. Da na kunna GPU-Z, wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai karanta abin da ke cikin kati, sai na ga injina 2048. Cikakken RX 580 kuwa 2304 gare shi. Ashe wanda na saya samfurin nan ne mai suna 2048SP da aka yi wa kasuwar Sin a 2018, wanda a aiki ɗan'uwan RX 570 ne. Akwai ma abin da ya fi wannan muni a kasuwa: tsofaffin katuna irin GTS 450 da ake sauya musu suna su riƙa nuna GTX 1050 Ti. In ka ga kati mai wannan suna da ramin VGA, shuɗin nan mai ƙofofi goma sha biyar, to ka yi hattara, domin katunan GTX na jerin 10 sun bar fitar da irin wannan siginar.

Bayan duk wannan kashe kuɗi, gem ɗin bai daina tsinkewa ba a wuraren da mutane da motoci suka yi yawa. Na sa MSI Afterburner ya nuna mini lambobi a kusurwar sikirin. Furosesa tana kan 100 bisa 100, katin kuwa yana yawo a wajen rabin ƙarfinsa, yana jira. Tsohuwar i3 ce mai ƙwaƙwalwa biyu, da RAM sanda ɗaya. Furosesa ce ke shirya wa kati aiki, in ta yi nawa dole kati ya zauna. Da sabon kati na ƙara saya, da babu abin da zai canza.

Yanzu in zan gwada kati biyu, da gem ɗin da nake bugawa nake farawa, da girman sikirin ɗina. Sikirin mai 1920 da 1080 ɗigo miliyan biyu da 'yan kai ne, 4K kuwa ya haura miliyan takwas, ninki huɗu ke nan. Sakamakon da aka auna a 4K ba zai faɗa maka yadda kati zai yi a monitarka ba. In kuma monitar mai 60Hz ce, hoto 60 take nunawa a daƙiƙa, ko da kati yana fitar da 140. Sannan a wajen masu awo kada ka tsaya a matsakaicin fps. Nemi lambar da suke sa wa alamar 1%, wadda ke nuna lokutan da tafiyar ta fi yin nauyi. Kati mai matsakaicin 70 da ke faɗowa 25 in an fara harbi ya fi ba da haushi a kan mai 58 da ba ya sauka ƙasa da 50. Ka kuma tabbata masu awon sun gwada katunan biyu a kwamfuta ɗaya da saiti ɗaya, kuma sun nuna katin a zahiri. Bidiyon da ba ka ga kati ba sai lambobi suna gudu, ni dai na daina yarda da shi.

Akwai wani ma'auni da masu awo na Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole ne. Wuta. Wanda ke buga gem da ƙaramin janareta ko batirin sola ya san kowane wat kuɗi ne. RX 6600 na 2021 wat 132 yake ci, kuma ya fi RX 580 gudu sosai. RTX 4060 na 2023 wat 115. Ga mai kwamfutar ofis da ba ya son taɓa fawa fak, akwai GTX 1050 Ti da GTX 1650 masu wat 75, waɗanda yawancinsu ramin madabod kaɗai ya ishe su. Wutar da kati ya ci zafi take komawa, mu kuma a watan Afrilu zafin gari yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarfen sanyaya. In kati ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu don kada ya lalace.

Katin da nake amfani da shi yanzu RX 6600 ne na hannu. Na je shagon da filas a aljihu, na ce wa mai shi, "Alhaji, don Allah a soka shi in gani." Ya sa yaronsa ya haɗa. Na buɗe GPU-Z na duba sunan cif da yawan injina da irin ma'ajiya, na saki FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, ya matsa masa na minti ashirin, ina kallon zafi, ina sauraren fanka ko tana ƙara, ina duba sikirin ko wasu ɗigo-ɗigo masu launi za su fito. Zafin ya hau ya tsaya wuri ɗaya, hoto bai yi gezau ba. Na ƙirga masa kuɗinsa, ya rubuta mini a bayan rasit cewa ina da mako guda in dawo da shi in ya ba da matsala.