Injin Hilux 2TR ya fara shan baƙin mai: a canza ringin fistan kaɗai ko a buɗe shi gaba ɗaya?

Kafin bakanike ya sauke inji, a auna matsin iskar kowace silinda huɗun. Wadda ta yi ƙasa, a cire fulogi, a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya, a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne ya cinye ko kuma silindar kanta. In bai motsa ba, a duba bawul ko gasket ɗin kan inji.

Inda ake asarar kuɗi shi ne sa sabon ringi a silindar da ta riga ta cinye ta ƙara faɗi. Ta sama take cinyewa fiye da ƙasa, har za ka ji wani ɗan tudu da farce a bakinta. Ringi ba zai zauna a irin wannan rami ba, bayan 'yan watanni shuɗin hayaƙi ya dawo. Sai a kai bulok wurin masu borin, wato masu faɗaɗa ramin silinda, a sa fistan mai ƙarin milimita 0.50. Karanshaf in ya yi zane a goge shi milimita 0.25, a sayi metal (ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu) daidai da hakan. Wajen ɗaura ringi kada tsagarsu ta yi layi ɗaya, a karkasa su.

Tunda an buɗe, a canza sarkar taimin da famfon baƙin mai, a wanke lagireto. Zafi yana cikin abubuwan da ke kashe inji bayan gyara.



Kilomita 1,000 na farko a bi shi a hankali, sannan a juye baƙin mai a canza filta.