Daga garejin Kawu zuwa rumfar jirage a Winnipeg

Kwana uku da isowata Birnin Kebbi, bayan shekara shida ban taka ƙasar nan ba, na je garejin Kawu inda na fara riƙe sifana ina ɗan shekara goma sha biyu. Komai na nan yadda na bar shi: inuwar dogonyaro, ƙasar da baƙin mai ya rine, bencin da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi. Sannan ya ce, "To kai ɗan nan, mi anka koya maka can wanda ba ka sani ba nan?"

Na yi niyyar in ba shi labarin injin jirgi da na'urorin gwaji. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kawu, an koya mini in ce aiki bai ƙare ba, ko da oga na tsaye a kaina."

Ya dube ni, bai ce komai ba.

Hanyata ba ta da wani abin mamaki. Daga gareji na shiga Kwalejin Waziri Umaru ta nan Birnin Kebbi, daga nan sai makarantar koyon aikin jirage ta Zariya, na yi 'yan shekaru ina aiki a gida, sannan Allah ya buɗe ƙofar Kanada. Na sauka Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba, a watan Janairun 2018. Mutumin da ya tashi a garin da zafin Afrilu ke haye maki arba'in, sai ga shi inda sanyi ke kai maki talatin ƙasa da sifiri. Numfashi na farko da na ja a waje, na ji gashin hancina ya daskare. Na ga motoci kowace da igiyar lantarki tana reto a gaba, ashe da dare ake jona ta don kada injin ya sandare. Kogunansu biyu da suka haɗu a tsakiyar gari sun zama ƙanƙara, mutane na yawo a kai da 'ya'yansu. Na tsaya a bakin gaɓa ina tuna Argungu, inda maza ke faɗawa ruwa da homa da gora.

Sanyi ana sabawa da shi, da riga bisa riga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takarda. Lasisin da na zo da shi bai ba ni damar sa hannu a kan jirginsu ba. Hukumar sufurin Kanada tana da nata jarrabawar da nata sharuɗɗan. Sai na koma ɗan koyo, ina aiki ƙarƙashin sa hannun wani. Matata ba ta iso ba sai bayan shekara. Ranar Juma'a ina zuwa babban masallacin da ke titin Waverley, kuma a nan na fara jin Hausa a bakin wani ɗan Nijar da wani ɗan zangon Kumasi. Ranar na koma ɗaki da sauƙin zuciya.

A makon farko a wurin aiki aka tura ni horon kwana biyu kan halin ɗan Adam a aikin gyaran jirgi. Doka ce ga duk mai taɓa jirgi, kuma ana sabunta shi lokaci-lokaci. Na shiga ajin ina ganin ɓata lokaci ne. Ni da na zo da ƙwarewar hannu, me za a gaya mini game da gajiya?

Malaminmu dattijo ne da ya shafe rayuwarsa a rumfar jirage. Ya rataye hotuna goma sha biyu a bango, ya ce waɗannan su ne miyagun da ke sa gwani ya yi kuskure. Wani ɗan ƙasarsu, Gordon Dupont, shi ya tsara su a 1993 lokacin yana aiki da hukumar sufurin Kanada, kuma yau kusan duk inda ake gyaran jirgi an san su. Akwai gajiya, da matsin lamba, da katse mutum yana tsakiyar aiki, da ƙarancin kayan aiki, da rashin isar da bayani tsakanin masu aikin rana da na dare. Akwai sabo, wato ka duba wuri sau ɗari ba ka ga komai ba har idonka ya daina dubawa da gaske. Akwai "haka muka saba yi a nan". Akwai kuma wanda ya tsaya mini a wuya: kasa buɗe baki ka ce a'a.

Ya ba mu labarin jirgin British Airways da ya tashi daga Birmingham ranar 10 ga Yuni, 1990. Yana cikin hawa, ya wuce ƙafa dubu 17, gilashin gaba ya fice, iska ta fizgi matuƙin, Tim Lancaster, rabin jikinsa a waje, abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton. Ya rayu. Da aka bincika, cikin kusoshi 90 da suka riƙe gilashin, 84 sun yi siriri, 6 kuma sun gajarta. Wanda ya sa su ba yaro ba ne, ƙwararre ne mai shekaru a aiki. Aikin dare ne, ma'aikata sun yi ƙaranci, ya gwada kusoshin da ido a wuri mai ƙarancin haske maimakon ya buɗe littafi. Na ji tausayin mutumin, don na san sau nawa na auna noti da ido.

Bayan hutun rana malamin ya sa hoton wani jirgi samfurin DC-8, ya ce wannan darasin matsin lamba ne. Ya ce Jidda, 11 ga Yuli, 1991. Ya ce jirgin na wani kamfanin Kanada ne da aka yi haya don kwaso alhazai, kuma ya nufi wani gari a Najeriya. Ya yi ƙoƙarin furta sunan garin. Sakkwato.

Gabana ya faɗi. A lokacin Kebbi ba ta zama jiha ba, sai a watan Agustan shekarar aka cire mu daga Sakkwato, don haka alhazan nan mutanenmu ne. Ina ƙaramin yaro, amma na tashi ina jin manya na zancen shekarar da jirgin alhazai ya ƙone. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Abin da ban taɓa ji ba a gida shi ne dalili. Tayoyi biyu ne ba su da isasshiyar iska. An san da haka kwanaki kafin ranar, har an gyara lambobin da ke cikin takarda don su nuna lafiya. Da safen bakaniken ya nemi iskar naitirojin da ake hura tayar jirgi da ita, ba a samu nan take ba, mai kula da jigilar kuma ba ya son jinkiri, aka saki jirgin. Yana gudu a kan titi tayoyi suka fashe, wuta ta kama, matuƙa ba su sani ba suka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgi tare da wutar. Sun juyo don su sauka, ba su kai ba.

Na ɗaga hannu na ce mutanen garinmu ne. Ajin ya yi tsit. Dattijon ya cire tabarau ya ce mini ya yi shekaru yana koyar da wannan darasi, bai taɓa haɗuwa da wanda ya fito daga can ba.

Daren nan ban yi barci ba. Na yi imani da ƙaddara, kuma na san babu mai wuce ranarsa. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Raƙumin nan ba a ɗaure shi ba. Kuma na lura da wani abu: waɗanda suka kasa tsayawa a kan gaskiya a Jidda ba Hausawa ba ne. Tsoron oga da tsoron jinkiri ba su da ƙabila. Sai dai ni na zo da nawa ƙarin nauyin. An raine ni a kan kada in haɗa ido da babba, kada in mayar masa da magana, in ya ce "an gama?" in ce "an gama". Tarbiyya ce mai kyau, ina kuma koya wa 'ya'yana ita. Amma a gindin jirgi, in ba a yi hankali ba, kunya tana iya kashe mutane.

Jarrabawata ta zo a azumin shekarar da na isa Kanada. Ya faɗo cikin Mayu da Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa a Winnipeg sai bayan ƙarfe tara na dare, azumi ya kai awa goma sha bakwai ko fiye. Ina aikin dare, barcin rana kuma ba ya cika. An gaya mana a aji cewa tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba jikin mutum ya fi rauni, kuma daidai lokacin sahur ke nan. Ina mayar da wani bututun mai a injin ƙaramin jirgi, na kama notin da hannu, na dubi agogo na ga alfijir ya kusa. Na ce bari in kurɓi ruwa in dawo. Da na dawo aka kira ni in taya tura wani jirgi. Daga baya shugaban aikin dare ya tambaye ni ko na gama, na ce na gama, na sa alamata a katin aiki, shi kuma ya sa hannu.

Na koma gida, na kwanta, sai zuciyata ta ce: ka ji ƙarar sifana mai awo? Sifanar da muke ɗaure irin wannan noti da ita tana yin "ƙas" in ta kai ƙarfin da littafi ya ce. Na nemi ƙarar nan a kaina na rasa. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce in an katse ka, ka koma baya mataki uku kafin ka ci gaba. Ban koma ba.

Na zauna a bakin gado da waya a hannu. Ni baƙo ne, ɗan koyo, ban cika wata shida ba, takardar zamana ta dogara da aikin nan, kuma kiran yana nufin in ce sa hannun babba ya hau kan aikin da bai kammalu ba. Sai Jidda ta faɗo mini a rai. Na kira.

Jirgin zai tashi ƙarfe bakwai. Suka buɗe murfin injin, suka tarar da notin yana juyawa da yatsa.

Na tafi aiki da daddare ina jiran takardar kora. Shugaban ya kira ni ofis ya ce in zauna, ya yi mini godiya, sannan ya ce shi ma da laifinsa, don ya sa hannu a kan maganar baki bai kai hannu ya taɓa ba. Muka cike rahoto tare. Tsarinsu ya bambanta kuskure da ganganci: wanda ya yi kuskure ya faɗa, ana neman abin da ya jawo shi, wanda ya ɓoye ko ya yi ƙarya a takarda, wannan shi ke ganin fushi. Daga ranar aka ce duk aikin da za a bari a tsakiya a rataya masa jan kati. Ya tambaye ni lokacin sahur, ya mayar da hutuna daidai nan har Salla.

Ba na so a ɗauka can aljanna ce. Jirgin da ya makara kuɗi ne, kuma na sha ganin fuskar manaja ta canza in an ce ba zai tashi ba. Za ka yi shekara da abokin aiki bai tambayi lafiyar mahaifiyarka ba. Abin da suka fi mu shi ne sun yarda gwani ma yana mantuwa, sai suka gina aikin a kan haka. Kowace sifana tana da zanenta a jikin allo, in wuri ɗaya ya zama fanko ba mai tafiya gida sai an gano ta, don kada a rufe ta a cikin injin. Duk aikin da ya shafi igiyoyin sarrafa jirgi sai mutum na biyu ya duba ya sa hannu. Yanzu na sami lasisina, ina da 'yan koyo biyu a ƙarƙashina, ɗaya ɗan Filifin, ɗaya 'yar Indiya, kuma na ga irin kunyata a idonsu. Ba na tambayarsu "an gama?". Cewa nake "nuna mini inda ka tsaya".

Duk wannan na zayyana wa Kawu a kan benci, yaransa sun bar aiki sun kewaye mu. Da na zo kan tayoyin Jidda ya sunkuyar da kai. Ya ce ya je ta'aziyya gida uku a shekarar, har da na wani mai ɗinki da ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera. Ya yi musu addu'a, muka shafa.

Can ya ce, "Ashe iska ce."

Na ce, "Iska ce, Kawu."

Ya daɗe yana kallon wata bas ta haya da aka ɗaga a kan jak, wadda direbanta ke ta leƙowa tun ɗazu yana cewa fasinjan Jega na jiransa a tasha. Sannan ya ce, "Wanga allo na sifanu za mu yi shi, ka zana muna kahin ka tahi. Zancen yaro shi tsai da oga kau, bari in yi tunani."

Aka kira la'asar. Ya ce wa direban ya je ya yi salla ya dawo, ba a gama duba burki ba.