Rumfunan zana a bakin Binuwai

Mu a Garwa, a arewacin Kamaru, ba mu da teku. Mai son ganin teku sai ya hau mota zuwa Ngaundare, ya kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya sake shiga wata motar har Kiribi, inda ruwan Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin Atalantika. Ba kowa ke da kuɗin wannan tafiya ba. Abin da Allah Ya ba mu shi ne kogin Binuwai, kuma a bakinsa nake neman abincina. Jarina rumfunan zana ne, da tabarmi, da kujerun roba, da murhun gasa kifi, da kwale-kwale biyu na zagayawa da mutane. Yara huɗu ke aiki a ƙarƙashina, ban da matuƙa.

Mai irin sana'ata a Kiribi yakan kafa rumfarsa ya bar ta shekara da shekaru. Ni kogina ba ya zama wuri guda. Inda nake shimfiɗa tabarmi a watan Maris, idan Satumba ta zo ruwan wurin ya shanye tsawon mutum. Shi ya sa ban taɓa zuba siminti ba, duk da masu ba ni shawarar in gina abu mai ƙwari. Itace da zana da igiya su ne ginina, a yini ɗaya a kafa, a yini ɗaya a kwance. Ruwa na fara janyewa wajen Nuwamba zan bi gaɓa da ƙafa ina duba inda yashi ya kwanta bana, don ba lalle ne ya kwanta inda ya kwanta bara ba. Ina neman yashi mai tauri, da hanyar da babur zai shigo bai kafe ba, da tazara daga masu wanki. Abin da na fi gudu kuwa shi ne wurin masu haƙar yashi.

Ba don muna gaba ba. Su ma abinci suke nema, kuma gine-ginen garin nan da yashinsu ake yi. Amma inda suka ɗebi yashi a cikin ruwa sukan bar rami, daga sama kuma ba a ganewa. Yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya nemi ƙasa ya rasa. Kullum da safe babban yarona yakan shiga da gora yana dogarawa, ya kewaye iyakar wurin wanka da sanduna da igiya mai ɗaure da jarkokin roba. Wanda ya tsallake igiyar, ko ɗan wane ne, fito da shi za a yi. Akwai iyayen da suka yi fushi suka tafi a kan haka, ban kuma bi su da ban haƙuri ba.

Sai maganar Lagdo. Tun da aka gama madatsar ruwan nan da ke sama da mu a kan kogin a 1982, ruwan da ke wucewa ta Garwa ba na sama kaɗai ba ne, da hannun mutum a ciki. Mutanen Yola da na ƙasa da su sun fi kowa sanin haka, ambaliyar 2012 da ta 2022 ba su manta ba. Mu namu ƙaramin abu ne, amma na kullum: ruwa kan ƙaru ko ya ragu ba hadari ba gajimare. Ina da sanda mai zane da na kafa a bakin ruwa, ita nake fara dubawa bayan asuba, kafin ma a hura wutar shayi. In ruwa ya haura zane, a ja tabarmi baya, a sake auna wurin wanka.

Dorina kuwa ita ce tallarmu, ita ce kuma fargabarmu. Baƙi da dama don ita suke zuwa, musamman lokacin gasar cin kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya a farkon 2022. Ɗaya daga matuƙana dattijo ne, masunci ɗan masunci, kuma a kan ruwa maganarsa ce gaba da tawa. Wani yammaci wani attajiri ya matsa masa ya ƙara kusa don ɗansa ya ɗauki hoto.

"Baba, ɗan ƙara kaɗan mana, zan ƙara maka wani abu."

Dattijon ya tsayar da filafili, ya nuna da haɓa. "Alhaji, ka ga ƙaramin kan can a bayanta? Goyo take yi. Ko motarka za ka ba ni, daga nan za mu gaisa da ita."

Ana kiran magariba kwale-kwale ke fitowa tudu, domin da dare dorina ke fita kiwo. Kuma babu mai shiga jirgina ba rigar ceto, ko da babbar riga zai naɗe ya sa ta a kai.

Kasuwarmu ta fi ci daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ɗaki ya ƙi zaunuwa. La'asar na yi za ka ga samari sun kafa duwatsu suna ƙwallo a kan yashi, rabinsu cikin rigar Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garinmu, dattawa na dara a inuwa, mata sun ware gefe guda da yara da kulolin abinci. Na keɓe wa iyalai rumfa biyu masu labule, kuma su suka fi kawo min riba, don mai iyali ba ya tashi da wuri. Da hunturu kuwa sai a hankali, iska na watsa yashi cikin shayi. Ranakun sallah, da 11 ga Fabrairu ta matasa, da 20 ga Mayu ta ƙasa, har aron kujeru nake yi.

Kuɗin tabarma da na kwale-kwale ba su ke riƙe da ni ba, kifi ne. Karfasa da giwan ruwa nake saye daga masu kawowa daga tafkin Lagdo, a tsaga, a shafa yaji da tafarnuwa da citta, a ɗora a garwashi, a kawo da albasa da soyayyen doya ko fulanten. Matsalar ƙanƙara ce. Ranar da wuta ta ɗauke a gari farashinta ya tashi, kifin da ya kwana ba sanyi kuma asara ne, don ba na gasa wa mutum abin da ba zan ci ba. Iyaye kuma nakan faɗa musu gaskiya game da tsargiya: kada yaro ya shiga kududdufan da kogi ya bari a baya, kuma in aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, kada a ce girma ne ya zo.

Ruwan sama na kankama wajen Yuni nake kwance komai in kai gida. Biyu daga yarana su tafi gonar masara da auduga, matuƙi ya koma kamun kifinsa, ni da sauran biyun mu ɗauki murhu mu koma bakin titi a Yelwa har kaka.